Shamuwa Biyu da Tarwaɗa Mai Barci

A wani daji da ruwa ke sauka wata biyar ya ɗauke wata bakwai, akwai wata tsohuwar kuka a bakin fadama. A kan kukar nan akwai sheƙar wasu shamuwa biyu, Marka da mijinta Anaruwa. Damina goma sha tara ke nan suna sauka a kanta. Sukan zo da ruwan fari, su gyara sheƙa, su yi 'ya'ya, in ciyawa ta fara ja kuma su bi ayarin shamuwa su yi kudu, don shamuwar da rani ya tarar a dajin nan ba ta ganin wata damina. 'Ya'yansu duk sun girma sun kama gabansu. Bana ko ƙwai ba su yi ba, daga shi sai ita.

Abu biyu aka san Anaruwa da su, sanin hanya da mita. Shi ya san inda ake ratsa duwatsu a tafiyar kudu, ya san tafkin da ake yada zango da wanda ake wucewa ko ƙishi zai kashe ka. Mita kuwa ba a magana. In Marka ta ajiye kara a sheƙa, sai ya ɗauke shi, ya juya, ya duba, ya mayar daidai inda ta ajiye, sa'an nan ya ce yanzu ne ya zauna. Ita tun a damina ta uku ta daina jin haushi. Mitar ta zame mata kamar kukan kwaɗi a fadama, ba ta ma jin ta sai ranar da aka yi shiru.

Farkon daminar bana ya hangi wani icce a maƙale tsakanin duwatsu biyu, ya ce lalle shi ne ya dace da gindin sheƙa. Marka ta ce ya bar shi. Kun san tsoho da taurin kai. Ya ja, ya ƙara ja, iccen na nan inda yake har yau, shi kuwa bakinsa na ƙasa ya tsage. Daga ranar fara ta gagare shi ci, don ƙafafunta masu ƙaya sukan maƙale a tsagar har jini ya fito. Sai abu mai santsi da zai wuce ba gardama, wato ƙananan kifi.

Kifin kuwa yanzu ba a kama shi a fadama. Shekarun baya guzaye sun kewaye duk ruwan da ba shi da zurfi, suka mai da shi kududdufai suna kiwon tarwaɗa. Tsuntsayen kwasa-kwasa ke ɗaukowa a jakar wuyansu su kai kasuwar Gindin Dutse, mai so ya je can ya yi musaya. Saboda haka Marka takan yini kamun fara a cikin ciyawa, ta kai kasuwa, a ba ta 'yan tarwaɗa, ta ɓalle musu ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta kai wa mijinta. Ita ko ɗaya ba ta ci. In ya tambaya, ta ce ta ci nata a hanya, ko ta ce ƙarni na tayar mata da zuciya. Ƙarya ce tsagwaronta, don duk ayarin ba wadda ta kai ta son kifi. Da a ce Anaruwa na cikin hayyacinsa, da tun ranar farko ya kama ta.

Da fari ta ji daɗi, gaskiya. Kifi ya karɓe shi, ya yi ƙiba, gashinsa ya yi sheƙi. Sai dai ya fara gyangyaɗi tun da hantsi. Can kuma ya kai ga yana cikin magana sai ya tsaya a tsakiya, ido ya lumshe, maganar ta tafi ke nan. Maƙwabta suka riƙa yi mata barka, wai tsoho ya yi sanyi, Allah ya ba ta hutu a ƙarshen zama. Ta riƙa amsawa da amin. Wata rana da gangan ta sa kara a karkace a bakin sheƙa, karkatar da ko ɗan tsako zai gani, ta koma gefe tana jira. Ya buɗe ido, ya kalli karan, ya ce ya yi kyau. A ranar ce tsoro ya shige ta.

Ana cikin haka ruwa ya fara ja da baya, manyan shamuwa suka sa ranar tashi. Saura kwana goma sha ɗaya. Marka ta lallaɓa shi ya gwada fiffike, daga kuka zuwa wata tsamiya da ke can gaba kaɗan, tafiyar da a da yakan yi yana mata faɗa a hanya. Bai kai ba. Ya sauka a tsakiyar ciyawa wai zai huta, ta iske shi yana barci a tsaye. Da ƙyar ta mai da shi sheƙa.

Da ya farka ya daɗe yana kallon ta, sa'an nan ya yi magana a hankali, irin maganar wanda ya riga ya gama shawara da kansa.

"Marka, tsufa ne ya zo, ba kuwa abin kunya ba ne. Ki bi ayari. In kun kai duwatsu kada ki bari su bi ta hagu, hagu ya fi kyan gani amma babu ruwa. Ni zan zauna in tsare mana sheƙa."

"To, tsoho," in ji ta, "wa zai riƙa gyara mini kara a can?"

Bai yi dariya ba. Ya tura mata tarwaɗa ɗaya da tsagaggen bakinsa, ya ce tafiya na son ƙarfi, yau ba zai haɗiyi komai ba sai ya ga ta ci a gabansa. Ta kawo uzurin ƙarni, ya ce ya ji. Ta ce ta ƙoshi, ya ce ya ji wannan ma. Don dai ya ci nasa, ta haɗiye.

Da rana ta ɗaga ta fita kamun fara yadda ta saba. Ta tuna ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta taka. Abin da ta sani bayan wannan shi ne, inuwarta da ke yamma ta koma gabas, ga kuma wata fara zaune a kan bakinta tana goge fuska, hankali kwance. Marka ce fa, wadda tun da aka ƙyanƙyashe ta ba ta taɓa runtsawa da rana ba. Ta tsaya tana jin jikinta, ƙafafu sun yi nauyi, zuciya ta yi sanyi, har ta ji in ma ayari ya tafi ya bar su, to, me ya yi zafi? Wannan tunanin ne ya farkar da ita sarai, don ta san ba nata ba ne. Tarwaɗa ɗaya ce tak ta ci, shi kuwa wata huɗu ke nan yana cin shida kullum daga bakinta.

Washegari ba ta je kasuwa ba, kududdufai ta nufa. Mai kiwon da kifinta ke fitowa daga wurinsa wani guza ne mai suna Cindo, mai fara'a da girmama manya. Ya tarbe ta da Iya sannu da zuwa, ya nuna mata inuwa. Ta leƙa cikin ruwan. Tarwaɗa ce jibge, amma ruwan ko motsi ba ya yi, kowace ta kwanta a jikin 'yar uwarta tana buɗe baki a hankali. Ta tambaye shi tun yaushe tarwaɗa ta koyi ladabi.

Cindo bai ɓoye mata ba, don shi bai ɗauka abin ɓoyo ba ne. Ya ce akwai wata saiwa da suke kira saiwar shiru, a daka ta a zuba a ruwa. Asalinta ma tausayi ne ya kawo ta. A da in kwasa-kwasa ta ɗauko tarwaɗa mai rai, kafin a kai kasuwa ƙaya ta yayyage mata jakar wuya, kifin ma sun raunata juna. Da aka gano saiwar sai kowa ya huta. Daga baya suka ga in an zuba tun suna ƙanana ba sa cin junansu, sai aka riƙa zubawa kullum. Babu kududdufin da ba a sa wa.

"Amma fa, Iya, a zamanin babana ba a sayar da kifi ranar da aka kawo shi. Akwai wani tafki a bayan kasuwa mai idon ruwa a ciki. A nan ake sauke kaya, kwana bakwai, ruwa na shiga yana fita, har saiwar ta bar jikinsu. Sai ranar da tarwaɗa ta soki mai kama ta ake cewa ta isa ci."

Marka ta ce to ina tafkin yake yanzu. Ya sosa wuya da ƙafar baya. Ya ce yana nan, sai dai shekara huɗu da suka wuce an yi wata bazara mai zafi, majalisar kasuwa ta ce za ta ɗan zauna a cikinsa kafin ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka sau huɗu ke nan. A madadin kwana bakwai ɗin sai aka naɗa Sarkin Ɗanɗano, wanda ake ba kifi ɗaya kowace safiya, in bai ji komai ba a buɗe kasuwa. Ta tambaye shi wa aka naɗa. Ya ce Kada.

Kashegari, saura kwana tara, ta je gaban majalisa. Ta iske su kwance cikin ruwa har wuya, gwanki da gadu da dorina da sauransu, shugabansu a tsakiya, wani ƙaton namijin ɓauna mai suna Barmo. Ba mugaye ba ne, kada a ɗauki alhakinsu. Abin da kawai ya haɗa su shi ne, duk cikinsu babu wanda ya taɓa sa kifi a bakinsa, an kuwa ce don haka aka zaɓe su, wai kada son rai ya shiga cikin hukunci. A bakin tafkin Kada ke kwance, baki buɗe, yana bakin aiki. Marka ta rusuna ta yi gaisuwa, aka ba ta izini.

"Ranka ya daɗe, ni ban zo ƙarar kowa ba. Mijina ne ke barci. Wata huɗu ina kai masa kifi da bakina, ina hana kaina, ashe barci nake ɗura masa. Saura kwana tara ayarinmu ya tashi. In bai farka ba rani zai same shi a nan, kun kuwa san abin da rani ke yi wa shamuwa. Bakinsa a tsage yake, in ba kifi ba babu abin da zai ba shi ƙarfin tafiya. An gaya mini a ruwan nan ne a da ake sauke kifi har saiwa ta fita daga jikinsa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ku ara mini kusurwa ɗaya, can wajen idon ruwan, kwana bakwai. Ba sai kun tashi duka ba. In biyu daga cikinku suka matsa, ya ishe ni."

Kowa ya shiga satar kallon su biyun da ke kusa da idon ruwan, su kuma suna kallon sama. Barmo ya ce maganar tana da nauyi, dole a ji ta bakin masana. Aka kira Cindo. Marka ta dube shi da murna, ga shaida ya zo. Shi kuwa da ya ga idanun manya a kansa sai ya ce shi dai ɗan kiwo ne, duk abin da majalisa ta tsara shi yake bi. Sa'an nan aka tashi Sarkin Ɗanɗano, abin da ya ɗan ɗauki lokaci.

"Ranka ya daɗe," in ji Kada, "shekara huɗu ke nan kowace safiya ana jefa mini tarwaɗa ɗaya daga kayan kasuwa. Nakan haɗiye ta, in kwanta, in saurari jikina. Ban taɓa jin wani abu ba. Barcin da nake yi bayan na ci, shi nake yi kafin in ci, shi ubana ya yi, shi kakana ya yi. Ban ce baiwar Allah ta yi ƙarya ba. Na ce dai ni ban ji ba. In majalisa na da shakka, a ƙara mini kifin don bincike ya ƙara ƙarfi."

Marka ta dubi tsawon Kada daga baki har wutsiya, ta dubi siraran ƙafafunta. Ta ce tana da tambaya ɗaya, shin shamuwa nawa za a tara su yi nauyin Sarkin Ɗanɗano? Gadu ya ce auna ma'aikaci a bainar jama'a rashin ladabi ne, kuma ba ya cikin abin da aka taru a kai. Aka amince da wannan baki ɗaya. Sai Barmo ya gyara kwanciya, ruwa ya yi ambaliya kaɗan, ya yi magana da murya mai taushi.

"Iya, mun ji, kuma wallahi mun tausaya. Mu ma muna da tsofaffi a gida. Don ki san kukanki bai faɗi ƙasa ba, daga gobe Sarkin Ɗanɗano zai riƙa cin kifi biyu. Sunan saiwar nan kuma, mun lura yana tayar da hankali, daga yau sunanta saiwar lafiya. Batun matsawa kuwa ba abin gaggawa ba ne, don in aka matsa wa ɗaya yau, gobe wani zai zo. Majalisa za ta zauna ta duba ko ya dace ta tashi, za a sa rana bayan damina. Amma ki duba wani abu, Iya. A da kasuwar nan ba ta ci ba a yi faɗa ba, masu cin kifi kuwa su suka fi kowa rigima. Yau ki je ki gani, ko tari ba kya ji. Shekara huɗu babu wanda ya kawo mana ƙara sai ke. Ki gaida mai jiki, Allah ya ba shi lafiya."

Ta ce amin, ta yi godiya, don haka aka tarbiyyantar da ita. Ta kama hanyar gida. Ba fushi ne ya fi damun ta ba. Baƙin ciki ne, na cewa duk abin nan da bakinta ta yi shi, tana murna tana ɓalle ƙaya.

Ta yi nisa kaɗan ta ji ana jan ciki a bayanta. Cindo ne, kansa a ƙasa. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Ya ce dai akwai wani kwarmi a kan dutsen da ke bayan kukarsu, wanda ke riƙe ruwan sama, zai ɗauki ƙananan tarwaɗa kamar goma sha biyar. Shi zai kawo kifin da kansa. Sai dai tun da ruwan ba ya gudu, dole kowace safiya a kwashe shi a zuba sabo, in aka yi fashin rana ɗaya an koma farko. Ta ce da me shamuwa za ta kwashe ruwa? Ya ce wannan kam bai sani ba.

Ɓawon kuka ta samu, wanda biri ya fasa ya shanye garin ya yar. Tana kama gefensa da baki, ta kwashe ruwan kwarmi har ya rage ɗan abin da zai rufe bayan kifin, sa'an nan ta sauka rafi ta ɗebo, ta hau, ta zuba. Rabin ruwan a hanya yake zubewa. Tun fitowar rana take farawa, ba ta gamawa sai rana ta take tsaka, wuya ya ƙage. Daga nan ta shiga ciyawa kamun fara, ta cire ƙafafu da fukafukai, ta dandaƙa sauran a kan dutse har ya yi laushi, ta kai wa Anaruwa. Kaɗan yake iya ci, abin da dai zai riƙe rai. Ta gaya masa gaskiyar komai tun ranar farko. Ya ce ba komai, ya koma barci, wannan ba komai ɗin kuwa ya fi zagi yi mata ciwo.

Kwana biyun farko babu abin da ya canja, in ban da ƙibar da ta fara zubewa. A na uku jikinsa ya kama rawa, ya ce kansa kamar ana sara, ya roƙe ta ko ɗaya ce ta kawo masa daga kasuwa. Ta ƙi. Tun da suke ba ta taɓa hana shi abin da ya roƙa ba, ta kuwa ji a jikinta. A na huɗu ya yini ido buɗe yana kallon fadama. A na biyar ta kawo masa dandaƙaƙƙiyar fara, ya sa baki, ya tsaya, ya zaro wani abu ya ɗaga mata.

"Wannan mene ne? Ƙafa ce fa. Damina goma sha tara, a ce har yanzu ba ki iya gyaran fara ba? Wancan karan kuma wa ya sa shi a karkace haka? Tun yaushe yake nan?"

Ta ce tun wata guda. Ya tashi yana tangaɗi, ya cire karan, ya juya, ya duba, ya gyara. Ita kuwa ta juya masa baya, wai tana duba hadari, alhali sama fes take.

Rana ta shida kifin suka fara kai-komo a cikin kwarmi. Ta bakwai ta sa baki za ta ɗauki ɗaya, tarwaɗar ta murɗe ta kafa mata ƙaya a gefen ido, saura ƙiris. Ta ɗauke ta a haka, jini na ɗiga, ta kai sheƙa kamar wadda ta tsinci abin duniya. Ya ci, bai yi barci ba. Ya ce dai ta yi ƙarami, kuma an bar ta ta rame.

Amma kwana biyu ba sa mayar da abin da wata huɗu ya ɗauke. Ranar tashi ta zo, sama ta cika da shamuwa. Anaruwa ya kai tsamiya ya dawo, numfashinsa kamar zai fita, kowa ya san ba zai ratsa duwatsu ba. 'Ya'yansu suka zo suka roƙe ta ta biyo su, suka gaji suka yi sallama. Shi kuwa, da yake yanzu ya dawo cikin hayyacinsa, ba roƙo ya yi ba, faɗa ya yi, faɗan da har zalɓen da ke gyangyaɗi a fadama sai da ya buɗe ido ɗaya. Ya ce ba ta da tunani, ya ce shamuwa biyu ba ayari ba ne, ya ce in shaho ya tare su a hanya wa zai kare ta, ya ce ta tashi yanzu-yanzu tun ana hango su. Marka ta zauna tana saurara har ya gama, ranta fari ƙal. Sa'an nan ta ce masa ayarin ma in sun kai duwatsu hagu za su bi, ita kuwa ba ta son ƙishi. Ta ɗauki ɓawon kuka ta nufi rafi, don Cindo ya kawo wasu kifin tun kwana biyar, ya ajiye a wani ɗan kwarmin ya tafi.

Sai da suka ƙara kwana huɗu. Kullum ya je tsamiya ya dawo, sau uku, sau biyar, sau tara, yana yi yana zagin fiffikensa. Ciyawa ta yi ja, fara ta fara wuya, rafi ya ja baya har tafiyar ɗibar ruwa ta ninka. Kafin su tashi Marka ta kai ɓawon kukar wurin wata zalɓe maƙwabciyarsu, wadda ake yabon 'ya'yanta ko'ina saboda ba sa kuka. Ta nuna mata kwarmin, ta gaya mata kwana bakwai ne, kuma kada ta yi fashi. Zalɓen ta yi godiya, ta ce in Allah ya so za ta fara in ta ɗan huta.

Da safe suka tashi, shi a gaba, ita a bayansa kaɗan ta yadda in ya yi ƙasa za ta gani. Suka bi ta kan kasuwar Gindin Dutse. Kasuwa ta cika, ana musaya cikin lumana, wani tsaye da kifi a baki ya manta bai haɗiye ba. A bayan kasuwa majalisa na cikin ruwa, Kada na bakin tafki, baki buɗe. Anaruwa ya leƙa ƙasa ya ce, waɗannan ba wanda zai gaya musu ne? Ta ce an gaya musu. Suka wuce fadama, fiffike na ɗaukarsa da ƙyar amma yana ɗauka. Can da duwatsu suka fara bayyana a gaba ya waiwayo.

"Marka, kin cika yin hagu."

Daidai bayansa take, ko karkata ba ta yi ba. Ta ce to, ta ɗan matsa dama, ta dawo inda take, ya ce yauwa.

A ƙarshen shekara majalisa ta yi zama na musamman, ta yaba wa dajin bisa zaman lafiya, ta ƙara wa Sarkin Ɗanɗano kifi na uku. Aka kuma shaida wa jama'a cewa duk shekarar mai ƙorafi ɗaya ce tak aka samu, ita ma ta yi kudu.